Nazarin lamari: Yadda fita waje tare ta haɗa kan wata ikilisiya a birnin Katsina

Yadda ikilisiyar take kafin 2020

Ikilisiyar da wannan nazari ya shafa tana cikin birnin Katsina, a ɗaya daga cikin unguwannin da suka tashi a bayan ganuwa, kuma ba za a ambaci sunanta ko na ɗariƙarta ba. A littafin rajistarta akwai gidaje kimanin 70. Kusan rabinsu Hausawa ne 'yan asalin kudancin jihar, daga ƙauyukan Malumfashi da Kafur da kewayensu, inda bishara ta daɗe da samun gindin zama a tsakanin iyalan da kakanninsu Maguzawa ne. Neman abinci ne ya kawo su birni: wasu suna gadi, wasu leburanci a wuraren gini, wasu ƙananan sana'o'i, kaɗan kuma suna koyarwa a makarantun firamare. Sauran rabin ma'aikata ne da 'yan kasuwa daga Kudancin Kaduna da Filato da Adamawa, waɗanda aikin asibiti ko banki ko ofishin gwamnati ya kawo su tun bayan da aka ƙirƙiro jihar a 1987. Waɗannan baƙin dukkansu suna jin Hausa, da ita suke ciniki a kasuwa, da ita suke gaisawa da maƙwabta, amma da yake 'ya'yansu makarantun kuɗi suke zuwa, sun fi son yin sujada da Turanci.

Wannan ne ya sa aka raba sujadar Lahadi gida biyu, ta Turanci da ƙarfe 7 na safe, ta Hausa kuma da ƙarfe 10. Fasto ɗaya ne, ma'aji ɗaya, majalisar dattawa ma ɗaya, amma inda jama'ar biyu suke ganin juna shi ne bakin ƙofa, na 'yan mintoci, lokacin da waɗannan suke fita waɗancan suke shigowa. Abin da ya riƙe zumuncinsu a wancan lokaci shi ne tarukan tsakiyar mako, musamman Zumuntar Mata da gwajin waƙa, sai kuma bikin Kirsimeti da godiyar kaka.

2020 zuwa 2021: tazarar ta faɗaɗa

A watan Maris na 2020 aka dakatar da manyan taruka a jihar saboda cutar korona, har da sallar Juma'a da sujadar Lahadi. Da aka ɗage dokar, sujadar Lahadi ta dawo, amma tarukan tsakiyar mako ba su dawo yadda suke ba. Masu manyan wayoyi sun buɗe zaure a WhatsApp, a can suke tura addu'ar safe da sanarwar suna da ta rasuwa, kuma ba tare da kowa ya yi niyya ba, zauren ya zama na 'yan sujadar Turanci, domin akasarin 'yan sujadar Hausa ƙananan wayoyi gare su.

Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. Bayan sace ɗaliban makarantar sakandaren Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamba 2020, iyaye suka daina barin matasa su je tarukan kwana a wasu garuruwa, waɗanda a da can ne yaran ɓangarorin biyu suke sabawa da juna. Taron addu'ar dare ma aka mayar da shi zuwa yamma, lokacin da ma'aikata ba su tashi daga aiki ba, masu gadi kuma suna shirin tafiya nasu. Zuwa ƙarshen 2021, sakataren ikilisiya ya lura cewa in aka yi suna ko jana'iza, fuskokin da ake gani na ɓangaren mai abin ne kawai.

Agusta 2022: abin da ya tona matsalar

A tsakiyar daminar 2022 wani dattijo mai gadi, ɗan sujadar Hausa, wanda iyalinsa suke ƙauye, ya kwanta da zazzaɓi a ɗakin da yake haya. Lahadi uku ba a gan shi a majami'a ba, kuma babu wanda ya tambaya. Maƙwabtansa Musulmi ne suka riƙa kai masa koko da safe, su ne suka sa shi a babur mai ƙafa uku suka kai shi asibiti da jikin ya tsananta, daga baya mai unguwa ya aiko yaro majami'a a sanar da su cewa mutuminsu yana kwance. Da Fasto da dattawa biyu suka je dubiya, sai suka tarar cewa gida na huɗu daga ɗakinsa, a layi ɗaya, akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar sujadar Turanci, wadda kullum take wucewa ta gaishe shi da "Sannu Baba" ba tare da ta san ikilisiyarsu ɗaya ba.

Dattijon ya warke. Majalisar dattawa ta je ta yi wa mai unguwa da maƙwabtan godiya, sannan ta zauna kan batun a watan Satumba, ta rubuta a littafin taro cewa ikilisiyar ba ta san kanta ba.

Satumba 2022 zuwa Janairu 2023: matakai biyu na farko

Mataki na farko shi ne sujadar haɗin gwiwa a Lahadin farko ta kowane wata, da tafinta a gefen mai wa'azi. An yi ta wata huɗu. Saboda fassara, wa'azin minti 40 ya koma fiye da sa'a ɗaya, ɗakin sujada ya cika har wasu suna tsaye a waje, yara suna kuka saboda zafi, kuma kowane ɓangare ya zauna a gefensa kamar an ja layi a tsakiya. Ana cewa amin, kowa ya nufi ƙofa. A wata na uku masu zuwa suka fara raguwa, domin wasu sun gwammace su tsallake wannan Lahadin.

Mataki na biyu shi ne cin abinci a harabar majami'a bayan sujadar Kirsimeti. Kwamitin da aka ɗora wa aikin ya ba wata mai sayar da abinci kwangila, ta kawo shinkafa da nama a cikin robobi masu murfi. An yi layi, kowa ya karɓi tasa, kuma cikin rabin sa'a harabar ta zama fayau, saboda abincin da aka rufe a roba ana iya ɗaukarsa a tafi da shi gida, kuma haka aka yi. An kashe kuɗi mai yawa daga asusun ikilisiya, amma babu wanda ya ce ya san wani sabon mutum a ranar.

10 ga Afrilu 2023: tafiya Daura

Matasa ne suka kawo shawarar a fita daga harabar gaba ɗaya. Sun kafa hujja da al'adar da majami'u da yawa a Najeriya suke bi, ta fita bayan gari ranar Litinin ɗin Ista, wadda ake kira zuwa Galili, don tunawa da saƙon da Yesu ya aika wa almajiransa bayan tashinsa daga matattu cewa su tafi Galili, a can za su gan shi, kamar yadda yake a Matiyu sura 28 cikin Littafi Mai Tsarki. Aka zaɓi Daura, mai nisan kilomita kimanin 80 daga Katsina, domin a ga rijiyar Kusugu, inda labarin gargajiya ya ce Bayajidda ya kashe macijin da yake hana mutanen gari ɗiban ruwa, a kuma ga ƙofar fadar Sarki. Aka yanka wa kowane mutum kuɗin mota, aka ɗauki hayar bas biyu.

Abubuwa uku ne suka taru suka rage amfanin tafiyar. Kuɗin motar ya faɗo daidai lokacin da jama'a ba su gama farfaɗowa daga ƙarancin takardun naira na farkon shekarar ba, don haka magidanci mai 'ya'ya biyar da yake rayuwa da albashin gadi bai ko rubuta sunansa ba. Daga cikin mutum 36 da suka tafi, biyar ne kawai 'yan sujadar Hausa. Sannan Afrilu tsakiyar bazara ne, lokacin da zafin rana a wannan yanki yake wuce digiri 40, kuma ɗaya daga cikin motocin ta tsaya a hanya na fiye da sa'a ɗaya. Abu na uku, wanda kwamitin bai sa a lissafi ba, shi ne Istar wannan shekara ta zo a cikin watan azumi. Masu sayar da abinci ba su fito da rana ba, kuma Fasto ya ce bai dace a shimfiɗa tabarma a buɗe kwanuka a gaban mutanen da suke azumi ba, hukuncin da kowa ya yarda da shi. Ƙarshenta a cikin mota aka ci abincin, kowa a kujerarsa, kusa da wanda ya taho tare da shi.

Waɗanda suka je sun ji daɗin ganin rijiyar, yara sun ɗanɗana ruwanta, an ɗauki hotuna. Hotunan da aka zuba a zauren WhatsApp ne suka jawo ƙorafi, domin a Lahadin da ta biyo baya an ji wasu suna cewa yanzu coci ma ta zama ta masu kuɗi.

Yuni zuwa Nuwamba 2023: muhawara da sabon shiri

Bayan an sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, kuma maganar sake ɗaukar hayar mota zuwa wani gari ta mutu da kanta. A majalisa, wani dattijo da ake girmamawa ya nemi a bar batun fita gaba ɗaya. Hujjarsa ba ta wasa ba ce: kuɗin baiko, wato wanda ake tarawa a lokacin sujada, na aikin bishara ne da taimakon gwauraye da marayu, fita yawo tana iya zama shagalin duniya, kuma tara samari da 'yan mata a bayan gari abu ne da yake buƙatar sa ido. Fasto ya amsa masa da Markus sura 6, inda Yesu da kansa ya janye almajiransa zuwa wurin da ba kowa domin su huta, da kuma Ayyukan Manzanni sura 2, inda masu bi na farko suke cin abinci tare gida gida. An yi zama biyu ba a cimma matsaya ba.

Uwar Zumunta, wato shugabar Zumuntar Mata, ita ce ta warware kullin, a zama na uku da aka gayyace ta. Ta ce: "Baba, ku yi mini haƙuri, amma zumunta a ƙafa take. Ku ba mu wuri mai inuwa kusa da gari, kada ku karɓi ko sisi a hannun kowa, kada kuma ku ba da kwangilar abinci. Mu za mu dafa, kuma kowa sai ya taɓa aiki kafin ya ci." Dattijon da ya yi adawa ya amince bisa sharaɗi biyu, wato ba za a taɓa asusun ikilisiya ba, kuma kowa zai koma gida kafin rana ta faɗi.

A kan wannan aka gina shirin. Wani ɗan sujadar Hausa yana kula da lambun mangwaro da gwaiba a bayan gari, a gefen da ba a fama da matsalar tsaro, kuma mai lambun, wanda Musulmi ne, ya ba da izini ba tare da ya karɓi komai ba. An sanar da mai unguwar wurin da ofishin 'yan sanda mafi kusa tun mako guda kafin ranar. An zaɓi 26 ga Disamba, ranar hutu ce a ƙasa baki ɗaya, kuma lokacin hunturu ne. Maimakon kuɗi, kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa, wani tiyar shinkafa, wani wake, wani man gyaɗa, wani damin itace, wanda ba shi da komai kuma ya zo da tabarma ko wuƙar yanka albasa, kuma ba a karanta sunan kowa ba. Masu motoci suka ɗauki nauyin kai tsofaffi da masu goyo.

Shawara ta ƙarshe daga sakataren ikilisiya ta fito, wanda abin da ya faru da dattijon mai gadi bai bar zuciyarsa ba. Ya ɗauki littafin rajista ya raba gidajen rukuni shida bisa unguwar da suke zaune, ba bisa sujadar da suke zuwa ba.

26 ga Disamba 2023: yini a lambu

Mutum 140 ne suka halarta, manya da yara, kuma a wannan karo 'yan sujadar Hausa sun ɗan fi yawa. An buɗe da addu'a da waƙa biyu da ƙarfe 9, ba a yi dogon wa'azi ba. Sai aka kira rukunonin, aka ba kowanne gindin bishiya ɗaya, murhu ɗaya, tukunya ɗaya, da rabonsa na shinkafa da wake.

A nan ne aka ga abin da sujadar haɗin gwiwa ba ta kawo ba. Mutanen da suka saba girki da iskar gas ba su iya haɗa duwatsun murhu su hura ɗanyen itace cikin iskar hunturu ba, don haka ilimin ranar ya koma hannun matan ƙauye da leburori. A ƙarƙashin wata bishiya, wani babban ma'aikacin banki ya durƙusa yana hura wuta, hayaƙi ya cika masa ido, wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli tana tsaye a kansa tana cewa: "Ɗana, ba haka ake yi ba, janye wannan icen ka ba wutar hanya." Ya ce: "To, Mama," ya janye. Tsawon shekaru suna ikilisiya ɗaya, wannan ne karo na farko da suka yi magana, kuma kafin shinkafa ta nuna sun gano cewa a rijiyar burtsatse ɗaya yaran gidajensu suke ɗiban ruwa.

Girkin ya ɗauki kusan sa'a uku, kuma ba a yi ƙoƙarin gajarta shi ba. Masu tsince wake suna hira, samari suna jigilar ruwa, yara suna langa da carafke ba tare da wani ya tambayi makarantar da ɗan'uwansa yake zuwa ba. An ci abinci a manyan faranti, mutum biyar ko shida a kan kowanne, maza daban mata daban, yadda aka saba. Bayan an ci, Zumuntar Mata ta fito da tulunan kiɗa, aka yi waƙoƙin yabo da Hausa, daga bisani matan Filato da na Kudancin Kaduna suka koya wa sauran amshin waƙoƙi da harsunansu. Kafin a tashi, kowane rukuni ya rubuta sunayen gidajensa da kwatancen inda suke, ya kuma zaɓi mace ɗaya da namiji ɗaya da za su riƙa lura da wanda ba a gani ba ranar Lahadi. An share lambun, an ƙone shara, an kai wa mai lambun da iyalinsa abinci, kuma da ƙarfe 4 da rabi kowa ya kama hanya.

Ba a rasa tangarɗa ba. Ruwan sha ya ƙare da wuri sai da aka aika a sayo na leda, babu makewayi na kirki ga mata, kuma tukunya ɗaya ta kama.

2024: abin da ya biyo baya

Rukunonin unguwa sun ci gaba da aiki ba tare da majalisa ta tilasta musu ba. Huɗu daga cikin shidan suka fara addu'ar gida sau ɗaya a mako, yau a gidan wannan, mako mai zuwa a gidan wancan, har da ɗakunan haya da ba su ɗaukar mutum goma. Sauran biyun sun yi sanyi bayan wata uku, ɗaya saboda gidajensa sun yi nisa da juna, ɗaya kuma saboda an yi wa jagoransa canjin wurin aiki. A cikin shekarar, sau da dama an kai rahoton rashin lafiya ga Fasto tun kafin Lahadi ta biyu ta zagayo. A wata jana'iza da aka yi a ƙauye, motocin 'yan sujadar Turanci ne suka kai masu makoki, abin da bai faru ba a shekarun baya.

An yi ƙananan fita guda biyu. A ranar yara ta 27 ga Mayu, malaman makarantar Lahadi suka kai yara gidan adana kayan tarihi da yake a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, suka kuma tsaya suka ga hasumiyar Gobarau. Yawancin yaran a Katsina aka haife su, amma ba su taɓa shiga cikin tsohon birni don kallo ba. Matasa kuma suka kai ziyara da sabulu da 'ya'yan itace asibitin Babbar Ruga, wanda 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka yi aikin jinyar kutare a cikinsa tun zamanin Turawa. Istar 2024 ma ta zo cikin azumi, don haka ba a fita ba, aka bar babbar fitar a Disamba, kuma an sake yin ta a lambun.

Yawan masu zuwa sujada bai ƙaru sosai ba. Matasan da suka daina zuwa tun lokacin korona kaɗan ne suka dawo, baiko ma bai canza ba, kuma har yanzu sujada biyu ake yi.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

A ganina, fita ta amfani wannan ikilisiya ƙwarai, amma ba don an ga sabon wuri ba. Tafiyar Daura ta fi nisa, ta fi tsada, ta kuma fi kyan hoto, amma ta ɗauki rabuwar da take cikin majami'a ta zuba ta a mota. Kuɗin da aka yanka wa kowa shi ne ya tace waɗanda za su je tun kafin a tashi, kuma zama a kujerar bas bai bambanta da zama a bencin majami'a ba, domin a duka biyun mutum yana kallon ƙeyar na gabansa ne. Sujadar haɗin gwiwa da abincin roba sun gaza saboda dalili makamancin wannan: an tara mutane wuri ɗaya, amma ba a ba su abin da zai sa su buƙaci juna ba.

A lambu kuwa, babu mai shiga da kuɗi, don haka babu baƙo babu mai masauki. Aikin da aka ba su na gaske ne, in ba a yi shi ba ba za a ci abinci ba, kuma irin aikin da marasa ƙarfin ikilisiya suka fi kowa iyawa ne, abin da ya ba su girman da tsarin ranar Lahadi ba ya ba su, inda mai karatu da mai riƙe makirfo ne ake gani. Mafi muhimmanci shi ne rabon da sakataren ya yi bisa unguwa. Da an raba mutane da ƙuri'a, da an yi yini mai daɗi an watse, amma wanda ka hura wuta tare da shi ranar Talata, ka kuma gan shi a bakin layinku ranar Laraba, ba za ka sake wuce shi da gaisuwar nesa ba. Ina kuma ganin dattijon da ya yi adawa ya taimaki shirin fiye da yadda ake faɗa, domin sharuɗɗansa ne suka hana fitar zama nauyi a kan asusu, suka kuma kwantar da hankalin iyayen 'yan mata.

Wanda zai kwaikwayi wannan tsari ya kamata ya san iyakarsa. Ya gyara sanin juna da kula da marasa lafiya, bai dawo da waɗanda suka bar zuwa ba, kuma ya dogara ga alherin mai lambu da zaman lafiyar wannan gefen gari, waɗanda ba a hannun ikilisiyar suke ba. Akwai kuma batun da nake ganin ba a yi wa mata adalci a kai ba. Duk da cewa maza sun hura wuta sun ɗebo ruwa, tattara kayan abinci tun mako biyu kafin ranar, da aron tukwane, da wanke su bayan an dawo, duk a kan Zumuntar Mata suka faɗa a shekaru biyun. Uwar Zumunta ta kai wannan ƙorafi gaban majalisa a watan Janairu na 2025, ta nemi a ɗora aron tukwane da wanke-wanke a kan zumuntar maza da matasa, majalisar kuma ta karɓi batun ta sa shi cikin abubuwan da za a yanke kafin fita ta gaba.